Bakin Agwagwa Madubin Kiwonta: Nazari a Kan Ruwa da Abinci da Makwancin Agwagin Gida a Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ya kamata a kula da agwagin gida a ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda damina gajeriya ce kuma babu kogi mai gudana duk shekara. Ta ɗauki bakin agwagwa a matsayin ma'aunin kiwo, domin ƙarancin ruwa da gurɓataccen abinci da rashin hasken rana a baki da hanci suke fara bayyana. Ta kuma auna batun zaman agwagwa a cikin ɗaki tare da mutane, ta fuskar lafiyar tsuntsuwar da ta iyali da kuma hukuncin tsarki. Takardar ta dogara ne da tabbataccen ilimin likitancin dabbobi, da tarihin annobar murar tsuntsaye ta 2006, da kuma tsarin gidan Bahaushe. Matsayarta ita ce, ƙazantar da ake jingina wa agwagwa daga hanyar kiwonta ta samo asali, kuma ruwa mai tsabta da zai nutsar da kanta, tare da killataccen wuri a tsakar gida, sun isa su kawar da akasarin matsalolinta.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a shiga unguwa a ƙasar Hausa ba a ci karo da agwagwa tana jan 'ya'yanta a bakin kwata ba. Galibi mata da yara ne ke kiwonta. Wani don nama da ƙwai, wata don ta sayar ta kashe wata buƙata, yaro kuwa don sha'awa kawai, kamar yadda yake kiwon tantabara ko zomo. Duk da haka ita ce koma baya a cikin tsuntsayen gida. Kaza na da akurkinta, tantabara na da tukunyarta, zabo na da kasuwarsa, amma agwagwa sai a sake ta ta nemi na kanta a magudanar ruwan wanke-wanke. Daga nan sai a dawo ana cewa ƙazama ce, har wasu su ƙyamaci namanta.

Manufar wannan takarda ita ce ta amsa tambayoyi uku. Mene ne bakin agwagwa ke gaya wa mai kiwo game da lafiyarta? Wane ruwa da wane abinci take buƙata a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin ta Gumel? A ina ya dace ta kwana ta wuni: a ɗaki, a titi, ko a tsakar gida?

2.0 Ƙasar Gumel da Matsalar Ruwa

Masarautar Gumel na ɗaya daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana arewacin jihar, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren Maigatari da Sule Tankarkar. Ƙasa ce mai rairayi da jigayi, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo. Ruwan sama kan sauka ne wata uku zuwa huɗu, daga nan sai kaka, sai hunturu mai ƙura, sai bazarar da zafi kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Kogin Haɗeja da fadamunsa suna can kudu da gabas. A wannan yanki ruwan gida daga rijiya yake fitowa, ko burtsatse, ko famfo, ko hannun 'yan garuwa. Tafkuna da kududdufai kan cika da damina, su yi ta janyewa har su ƙafe kafin bazara. Saboda haka agwagwar Gumel tana rayuwa iri biyu a shekara guda. Da damina ruwa ya yi mata yawa, amma tsayayye ne wanda juji ke zuba a ciki. Da rani kuwa ba ta da abin tsoma baki sai ruwan sabulun da ke fita ta rariya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yanayi biyu da irin cutar da yake haifarwa.

3.0 Wace Agwagwa Muke Kiwo?

Agwagwar da ta fi yawa a gidajenmu ita ce mai jan tsiro a fuska, wadda masana ke kira Cairina moschata. Asalinta daga dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma ta iso Afirka ta Yamma ta hanyar fataucin teku. Ba ta da ƙarar kuka, toron ma huci kawai yake yi. Tana da farata masu kaifi, tana iya tashi ta hau katanga, kuma toro kan kusan ninka mace a nauyi. Ƙwanta na ɗaukar kwana 35 kafin ya ƙyanƙyashe, alhali na kaza kwana 21 ne. Ɗaya nau'in kuwa shi ne mai yawan kuka, wanda ya haɗa da farar agwagwa mai ruwan ɗorawar baki da asalinta ƙasar Sin ne, kuma ƙwansa kwana 28 yake yi. Idan aka haɗa nau'ukan biyu ana samun 'ya'ya masu saurin girma, sai dai ba sa haihuwa.

Sanin wannan bambanci na da amfani a aikace. Mai kiwo takan zubar da ƙwan agwagwa bayan sati huɗu a zaton ya lalace, alhali saura mako guda ya fashe. Haka kuma mai jan fuskar ta fi jure rayuwa ba tare da wurin iyo ba, abin da ya sa ta dace da ƙasar da ba kogi. Amma jure rashin iyo daban, jure rashin ruwan wanke kai daban, kuma a nan ne yawancin masu kiwo ke kuskure.

4.0 Bakin Agwagwa: Ƙira da Aiki

Bakin kaza tsinke ne na tsince ƙwaya. Bakin agwagwa kuwa mataci ne. Ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da wani abu irin na farce da ƙaho, mai ɗan laushi. A gefunansa na ciki akwai jerin tsage-tsage kamar haƙoran mataji. Idan ta kamfaci ruwa da laka, harshenta kan turo ruwan waje ta tsakanin tsagogin, abinci ya tsaya a ciki. A ƙarshen leɓen sama akwai ɗan tauri mai kama da ƙumba, da shi take tono da tsinkar ciyawa. A ƙarƙashin fatar bakin kuma akwai ɗimbin jijiyoyin ji, shi ya sa take gane tsutsa a cikin taɓo ko da idonta bai gani ba. Wannan ya nuna cewa baki gaɓa ce mai rai, tana jin zafi, tana zubar da jini, don haka yanke shi da wuƙa ko ƙona shi azabtarwa ce.

Ƙofofin hanci biyu suna saman bakin, kusa da fuska. Duk lokacin da ta ci dusa ko ta yi tono, sukan toshe. Ba ta da hanyar share su sai ta nutsar da kanta cikin ruwa ta fesar da iska. Haka take wanke idonta. Da bakin ne kuma take lakato mai daga wani ƙullutu da ke gindin wutsiyarta, ta shafe gashinta don kada ruwa ya ratsa shi. Agwagwar da bakinta ya samu matsala, to cinta da numfashinta da gashinta duk sun samu.

4.1 Alamomin Lafiyayyen Baki

Lafiyayyen baki santsi gare shi, leɓen sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai, ƙofofin hanci a buɗe suke kuma a bushe, babu wari, babu kumfa. Launi ya danganta da iri. Ɗigo-ɗigon baƙi da kan fito wa farar agwagwa idan ta manyanta ba cuta ba ne. Haka nan kodewar ruwan ɗorawar baki a lokacin da take zuba ƙwai, domin launin yana tafiya ne cikin gwaiduwa. Duba baki bai fi minti ɗaya ba, kuma ya kamata mai kiwo ya mayar da shi al'ada sau ɗaya a mako.

4.2 Matsalolin da Ake Gani a Baki

Ta farko ita ce toshewar hanci da kwantsar ido. Ta fi yawa da hunturu, lokacin da ƙura ta cika iska kuma ake ba agwagwa ruwa a murfin kwano ko a mazubin ruwan kaji wanda baki kawai ke shiga. Za a ga tana atishawa, tana soshe fuska da ƙafa, gashin gefen ido ya manne. Maganin farko shi ne ruwa mai zurfi. Idan majina ta ci gaba, ko fuska ta kumbura, sai a nemi malamin dabbobi, domin ƙwayoyin cuta sun shiga.

Ta biyu ita ce shaƙewa. Agwagwa kan haɗiyi abinci da gaggawa, ta bi shi da ruwa. Busasshiyar dusa ba tare da ruwa a kusa ba tana iya cushe mata maƙogwaro, musamman 'ya'ya ƙanana. Ƙa'ida ita ce kada a taɓa ajiye abinci ba tare da ruwa a gefensa ba.

Ta uku ita ce laushin baki. Idan aka taɓa bakin ɗan agwagwa aka ji yana lanƙwasuwa kamar roba, kuma ƙafafunsa sun raunana, to ƙashinsa bai samu sinadarin kalsiyam da fosfaras da bitamin D yadda ya kamata ba. Jikin tsuntsu da taimakon hasken rana yake samar da bitamin D. 'Ya'yan da aka kulle a ɗaki ko ƙarƙashin kwando makonni, ana ba su tsakin gero zalla, su wannan ciwo ya fi kamawa, a ƙasar da rana ba ta yanke mata ba.

Ta huɗu ita ce rauni. Gwangwanin tumatir da aka buɗe da wuƙa, da guntun waya, da fasasshiyar kwalba, da zaren buhu ko robar ɗaure kuɗi da kan naɗe leɓe, duk a juji ake samun su. Ƙaramar tsaga a wanke ta da ruwan gishiri mai ɗumi, a ware tsuntsuwar, a ba ta jiƙaƙƙen abinci. Karayar da ta kai ƙashi aikin likita ce.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke hana bakin 'ya'yan agwagwa girma, har harshe ya leƙo waje, jiki ya tsumbure. An fara bayyana ta a Faransa a shekarun 1970, ta sake ɓulla a gonakin ƙasar Sin a 2015. Darasinta a gare mu shi ne, idan 'ya'ya da yawa suka tashi da nakasar baki iri ɗaya, a kai rahoto maimakon a ɗauka gado ne.

5.0 Ruwa da Abinci

Agwagwa ba ta buƙatar tafki don ta rayu lafiya. Abin da take buƙata shi ne mazubi mai zurfin da kanta zai shige gaba ɗaya, kimanin santimita 10 zuwa 15 ga babba. Tsohuwar jarka da aka yanke gefenta aka goge kaifin, ko kasko, ko ƙaramin daro, duk sun wadatar. A canza ruwan safe da yamma, a ajiye shi a inuwa. Ruwan da aka zubar kuma ba asara ba ne, taki ne ga zogale ko gwanda ko yakuwar da ke bayan ɗaki. Ga 'ya'ya ƙanana, mazubin ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, domin sukan jiƙe su yi sanyi ko su nutse, musamman waɗanda ba uwa a tare da su. Da bazara a ƙara da daron wanka sau biyu ko uku a mako, saboda tsuntsu ba ya gumi, ta haki da ruwa yake rage zafi.

Ruwan da ke kashe agwagwa shi ne na kududdufin da ya fara ƙafewa. Idan mushe ya ruɓe a cikinsa ko a bakinsa, wata ƙwayar cuta kan saki guba mai ƙarfi, tsutsotsin mushen su tara ta a jikinsu. Agwagwar da ta ci su sai ƙafafu su mutu, fukafukai su saki, wuya ya langaɓe har ta kasa ɗaga kai. Mutane kan zaci sammu ne ko an zuba mata guba, maƙwabta su ɓata a banza. Rigakafin shi ne a binne mushe, a hana agwagi zuwa tsayayyen ruwa daga kaka zuwa bazara. Ruwan kwata kuwa, ban da sabulu da omo, yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa.

Ta fuskar abinci, 'ya'ya na buƙatar abinci mai gina jiki kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari a makonni biyu na farko, daga baya a sauko zuwa kimanin kashi 16. Abincin 'yan tsaki na buhu yana yi, idan an jiƙa shi kaɗan. Sai dai agwagwa ta fi kaza buƙatar niyasin, wanda yake cikin dangin bitamin B, kimanin miligiram 55 a kowane kilo na abinci. Niyasin da ke cikin masara a ɗaure yake, jiki ba ya iya amfana da shi sosai. Rashinsa ne ke sa ƙafafu su gwame, gwiwa ta kumbura. Dusar shinkafa da ta alkama da tunkuza da garin busasshen kifi suna cike wannan giɓi. Gara da fara da tana da ganyen zogale duk abinci ne mai kyau da ba a saya. Mai zuba ƙwai kuma a ajiye mata dakakken ɓawon ƙwai ko garin ƙashi a kwano daban.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga ƙasar gyaɗa. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe ba tana samar da gubar afulatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Burazil. A cikin tsuntsayen gida babu wanda gubar ta fi illatawa kamar ɗan agwagwa, har masu bincike suka riƙa amfani da shi wajen gwada ko abinci na ɗauke da ita. Tana lalata hanta, ta tsayar da girma, ta kashe. Al'adar tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da baƙin hatsin gindin rumbu a watsa wa agwagi, a kan cewa ai agwagwa ba abin da ba ta ci, ita ce hanyar da gubar ke bi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe don rage fumfunar tun daga gona, amma a gida ƙa'idar ba ta da wuya: hatsin da mutum ya ƙi ci saboda fumfuna, kada a bai wa agwagwa.

6.0 Zaman Agwagwa a Ɗaki

A Amurka da Turai akwai masu ajiye agwagwa a falo, har su ɗaura mata ƙyalle irin na jarirai, kuma bidiyoyinsu na yawo a wayoyin matasanmu. A wajenmu ma yaro kan shigar da 'ya'yan agwagwarsa ɗaki don tsoron muzuru da gafiya, ko uwarsa ta kwanar da su a kicin saboda sanyi. Niyyar mai kyau ce. Musulunci bai hana kiwon tsuntsu don sha'awa ba, kuma malamai na kafa hujja da labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) kuma ya riƙa tambayarsa labarinsa. Amma addinin da ya halatta haka shi ne ya yi gargaɗi da labarin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Wanda ya tsare dabba, haƙƙinta ya hau kansa.

Ɗakin kwana bai dace da agwagwa ba saboda dalilai huɗu. Ba ta iya riƙe kashi, tana yinsa a kai a kai, kuma mai ruwa ne. Idan ya taru a rufaffen wuri yana fitar da iskar amoniya mai cin ido da huhu, danshin kuma ya haifar da fumfunar da ke kama huhun 'ya'ya. Siminti da tayil suna goge tafin ƙafarta har ya yi ƙurji, santsinsu kuma ya tale ƙafafun ƙanana. Rashin rana na kawo laushin baki da aka ambata. Sannan ga lafiyar iyali: agwagwa mai cikakkiyar lafiya tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinta da gashinta, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke gargaɗin kada a shigar da kaji da agwagi cikin ɗakunan zama, kada kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa ɗaukar su. A gidan da jariri ke rarrafe, ake cin tuwo a kan tabarma, wannan gargaɗi ya fi nauyi.

Ta fuskar tsarki ma akwai abin lura. A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen wannan yanki ke bi, kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, sai fa idan tana cin najasa. Agwagwar da ta wuni a kwata da juji ta dawo ta bi ta kan tabarmar salla ta jefa mai gida cikin shakka. Wadda aka killace aka ciyar da abinci mai tsabta ta fita daga wannan matsala. A nan fiƙihu da likitanci sun haɗu a kan hanya ɗaya.

6.1 Makwancin da Ya Dace

Tsakar gidan Bahaushe ta riga ta tanadi mafita. A zaɓi lungu nesa da madafa da randa da bakin rijiya, a kewaye shi da danga ko zana ko ragar waya. A yi rumfa mai inuwa, a bar ɓangaren da hantsi ke sauka. Wurin kwana ya zama mai ƙofar rufewa da tagogin iska daga sama, kowace babba ta samu kimanin rabin murabba'in mita, filin wuni kuma ya ninka haka sau biyu ko uku. A shimfiɗa rairayi, wanda ƙasar Gumel ba ta rasa shi, a ɗora ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, a kwashe duk lokacin da ya jiƙe a kai gona. Mazubin ruwa a waje yake zama, a kan tsakuwa. Kada a ajiye agwagwa ita kaɗai, domin tsuntsuwar garke ce, kuma toro ɗaya ya ishi mata huɗu zuwa shida. Idan toraye suka yi yawa sukan raunata matan.

Uzurin shiga ɗaki biyu ne kawai: 'ya'yan da ba su da uwa a makonninsu na farko, waɗanda ke buƙatar ɗumin kimanin digiri 30 zuwa 32 a makon farko, da kuma wadda ta ji rauni. Su ma a kwali ko kwando za a sa su, a zaure ko ɗakin ajiya, a fito da su hantsi kullum, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su.

7.0 Darasin Murar Tsuntsaye

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Jamhuriyar Nijar, kuma a jikin agwagin gida aka same ta, a Magariya ta jihar Damagaram, kusa da iyakarmu. A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake dawowa Nijeriya a 2015 da 2021.

Agwagwa na da matsayi na musamman a wannan annoba, domin tana iya ɗaukar ƙwayar cutar ta yaɗa ta ba tare da ta nuna ciwo ba, alhali kaji na zubewa. Masarautar Gumel kuma tana tsakanin hanyoyi biyu. Ga kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, inda dabbobi da mutane ke haɗuwa daga Nijar da sassan Nijeriya. Ga kuma dausayin Haɗeja da Nguru, har da Baturiya, inda agwagin daji ke sauka daga Turai da Asiya lokacin sanyi, su tarar da dinya da kirinjijiya. Agwagwar da ke yawo a tafki da rana ta kwana a ɗaki da dare ita ce gadar da za ta iya haɗa tsuntsun daji da jaririn gida. Killacewa a tsakar gida na karya wannan gada ta kowane ɓangare.

8.0 Shawarwari

1. Masu kiwo su tanadi mazubin ruwa mai nutsar da kai, su raba makwancin agwagi da na kaji, su ware duk sabuwar da aka sayo daga kasuwa na tsawon mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

2. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa a lokaci guda, kada a yanka a ci, kada a garzaya da sauran kasuwa. A sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, domin a aika samfuri Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom.

3. Hukumar raya aikin gona ta Jihar Jigawa (JARDA) da sassan noma na ƙananan hukumomin huɗu su sa agwagwa cikin darussan malaman gona, su kuma tura malaman gona mata, tunda masu kiwon na cikin gida.

4. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja da Jami'ar Tarayya ta Dutse su ƙarfafa wa ɗalibai gwiwar ƙidayar agwagin yankin da tattara sunayen cututtukansu a bakin masu kiwo.

5. Limamai da malaman Islamiyya su riƙa tunatar da iyaye da yara haƙƙin dabbar da ke hannunsu.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa bakin agwagwa gaɓa ce mai tacewa da ji da wanke jiki, kuma duk sakacin mai kiwo a nan yake fara fitowa. Toshewar hanci na nuna ƙarancin ruwa, laushin baki na nuna rashin rana da abinci mai kyau, rauni kuma na nuna yawon juji. Ta nuna cewa ɗakin kwana na cutar da agwagwa da iyali, titi da kududdufi kuma na jawo guba da annoba, wurin da ya dace da ita shi ne killataccen lungu a tsakar gida. Babu ɗaya daga cikin abubuwan da aka lissafa da ya fi ƙarfin talaka: yankakkiyar jarka, da zana, da rairayi, da dusa mai kyau. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kira ga duk mai agwagwa a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar shi ne ya ɗauke ta daga bakin kwata, ya ba ta ruwan da za ta wanke kanta, domin amana ce da za a tambaye shi a kanta.